Ɗauko Yaya Idi Daga Apapa

Alhaji Tanko mai tankokin mai na Rido ya cuce ni, kuma da sunansa zan fara don kada wani ya ce ɓoye-ɓoye nake yi. Yayana Idi ya yi masa tuƙi tun kansa yana baƙi har ya yi furfura. Ranar da ciwo ya kayar da shi a Apapa, Alhaji ya tura wani direba ya ɗauko motar, aka bar mutumin a kwance a kan kwali. Sannan ya dubi tsabar idona ya ce Idi yana asibiti a Legas, likitoci suna kansa, kada in wahalar da kaina da tafiya. Na yarda. Na je na faɗa wa Hajara matar Idi, ita ma ta yarda, har da sa masa albarka.

Tun da na dawo 'yan majalisarmu ta bakin tashar keke a Kakuri suka hana ni sakat. Sale, ka ga teku? Sale, da gaske jirgin ruwa ya fi masallacin Juma'a girma? Na gaji da maimaitawa, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ni ba ɗan boko ba ne. Ban gama sakandare ba na shiga masaƙa, da masaƙa ta mutu na koma tuƙin keke mai ƙafa uku na haya. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Ga yadda asiri ya tonu. Na kai wata mata Rido da buhunan gawayi, ina juyowa sai na hango jar tankar Idi a wajen wanki ana feshe ta da ruwa. Ko a cikin tankoki nawa ne ba za ta ɓace mini ba. Nasiru, direban da ya dawo da ita, yana zaune a benci yana shan rake.

Na ce, "Nasiru, wane asibiti Yaya Idi yake? Wayarsa ba ta shiga."

Ya ci gaba da kallon rakensa.

"Da kai nake."

"Baba Sale, ni fa yaron gida ne. Abin da aka ce in yi shi na yi."

"Wane asibiti?"

"Ni dai a ƙarƙashin gadar Marin Bich na bar shi. Da ransa."

Ban je wajen Alhaji a ranar ba, don na san in na je ba magana za a yi ba. Na bar wa maƙwabcina keken, na ce wa Hajara zan je dubiya ne kawai, da asuba na kama hanyar garejin motocin Legas da ke unguwar Talabishin.

Kafin bas ta tashi wani fasto ya leƙo ta ƙofa ya yi wa matafiya addu'a. Mu mutanen wannan tsallaken kogin Kaduna mun saba da haka. Suka ce amin, ni ma na karanta tawa a ciki. Kusa da ni wata Bayarabiya ce mai ɗinki, ana ce mata Mama Tobi, haihuwar Kakuri, Hausarta ta fi ta wasunku fita. Daga Kakau har muka wuce Rijana da Katari ba wanda ya yi tari a motar nan. Kowa idonsa na kan daji, don tsoron masu garkuwa da mutane. Sai da muka shiga Tafa baki ya buɗe, aka fara fito da dafaffen ƙwai da biredi.

Ku da kuke tambaya ko akwai iyaka tsakaninmu da mutanen Kudu, akwai. Ba a tambayar fasfo, amma akwai. Muna tsallake babbar gadar da ke kafin Lakwaja sunana ya tashi daga Sale ya koma Aboki. Mai soyayyen kifi, Aboki. Mai tsaron banɗaki, Aboki. Can gaba, a bakin wata jiha, wasu masu kaki da bindigar toka suka tare mu. A duk motar ni kaɗai ne mai hula, ni kaɗai kuma aka ce in sauko. Suka zazzage jakata a kan kwalta: riga, buta, zanin gado da na ɗauko wa Idi. Ɗaya ya ɗaga butar yana girgizawa kamar zai ji harsashi a ciki. Mama Tobi ce ta sauko ta wanke su da Yarbanci tas, tana nuna ni tana nuna ƙirjinta. Da muka koma mota na tambaye ta me ta ce musu.

"Cewa na yi ƙanen mijina ne kai."

"Suka yarda?"

"Suka ce Allah ya ba ni haƙuri."

Ita ce dariya ta farko da na yi tun daga Rido.

Mun shiga Legas bayan an rufe shaguna, na kwana a benci a gareji da jakata a ƙarƙashin kai. Da gari ya waye na nemi motar Apapa. Motocin hayarsu ƙananan bas ne masu ruwan ɗorawa, danfo suke kiransu. Kwandasta yana rataye a ƙofa yana ihun sunan unguwa kamar ana yanka shi, "Waf! Waf! Apapa Waf!" Waf ɗin nan shi ne bakin ruwan da jirage suke sauke kaya. Abin da ba wanda ya faɗa mini shi ne danfo ba ta tsayawa, sassautawa kawai take yi. Ni da na saba in tsaya wa fasinja, in jira tsohuwa ta gyara zani ta zauna, har mu gaisa. Na tsaya ina jiran mota ta tsaya, ta wuce. Ta biyu ma ta wuce. Ta uku na yi kukan kura na kama ƙarfe, silifas ɗina na hagu ya zauna a titi, ni na tafi. Da ƙafa ɗaya a takalmi na shiga Apapa, sai a Ijora na sayi wani na roba.

A Ijora ɗin aka ce kowa ya sauka, ba hanya. Na ɗaga kai na ga dalili. Gada ce doguwa, a kanta tireloli da tankoki sun jeru hanci da wutsiya har inda ido ya ƙare, ba wadda ke motsi. Wannan shi ne layin da Idi yake faɗa mana in ya dawo, mu kuma muna ɗauka layi ne irin na gidan mai. Ashe gari ne guda. An ɗaura igiya daga madubin wannan mota zuwa na waccan an shanya kaya. A ƙarƙashin kowace mota akwai tabarma. Ga mai shayi, ga wanzami, ga mai yankan farce, ga masu tura jarkokin ruwa a amalanke. Mutum zai yi sati, ya yi sati biyu, wani ya fi, yana matsar da mota taku kaɗan a wuni. In ka bar motarka layi ya motsa, an tsallake ka, ka koma baya. Don haka a nan suke ci, a nan suke salla a kan kwalta, a nan suke komai. Wari kuwa kada ku tambaya. Gas da fitsari da ruwan kwata da wani ƙarni mai gishiri da iska ke kawowa daga bakin ruwa.

Na gangara da ƙafa har Marin Bich. Da na ji sunan na ɗauka zan ga yashi da ruwa. Ƙarƙashin gada ne, ginshiƙan siminti, rumfunan katako, makanikai, masu faci. Hausa ake yi ko'ina, har raina ya ɗan kwanta. Na fara tambaya.

"Don Allah ina neman Idi Dogo, mutumin Makera a Kaduna."

"Direban wa?"

"Yayana ne. Dogo, mai furfura, yana da tabo a goshi."

"Malam, dogaye masu furfura sun fi a ƙirga a nan. Wace mota?"

Haka na yi ta yawo har azahar ta gota, ina kwatanta fuskar ɗan'uwana ba wanda ya gane. A wajen ba a sanin mutum da sunansa ko na ubansa. Motarsa ce sunansa, ita ce gidansa, ita ce unguwarsa. In mota ta tafi, mutum ya zama ba kowa ba. Sai da na haƙura na ce jar tanka ta Rido, mai karyayyen tsani a baya, sannan wani mai shayi ya ajiye ludayinsa.

"Wanda ya faɗi? Je ka masallacin katako, ka nemi Baba Ladan."

Baba Ladan tsoho ne ƙanƙani, idonsa ɗaya ya yi fari. A Apapa aka haife shi, bai taɓa zama a Arewa ba, amma Hausarsa irin ta kakanninmu ce. Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana kallona.

"Sai yau?"

Na ce ƙarya aka yi mini. Ya ce ya sani, don shi ma an ce masa za a aiko.

"Yana da rai, Baba?"

"Yana da rai. Ci abinci tukuna, ka sha hanya."

Ya sa aka kawo mini wani baƙin tuwo da suke kira amala, da miya koriya mai yauƙi. Na ɗanɗana na ji ashe lalo ne, wanda muke ba awaki rabinsa a gida. Sai dai sun zuba masa jar miya a kai mai barkonon da ya sa na yi ta share hanci da hannun riga. Ina ci yana ba ni labarin abin da ya faru, kuma wannan shi ne abin da nake so ku riƙe a duk rubutun nan.

Idi ya yi kwanaki yana fama da ciwon kai a layi. Aka ce ya je a duba shi, ya ce in ya tashi za a tsallake motar Alhaji. Ranar da ya kusa shiga daffon da ake lodin mai ya sauko zai yi alwala, sai ya zube. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu, baki ya karkace. Direbobi suka kwantar da shi a masallaci, suka riƙa matsar masa da motar bi da bi don kada layinsa ya ɓace, har Nasiru ya iso ya yi lodi. To, direbobin doguwar hanya suna da al'adarsu tun ta da: wanda ya faɗi a bakin aiki, motarsa ce take kai shi gida. Akwai ɗan gado a bayan kujerar direba, a nan ake shimfiɗe shi. Ba a roƙo, ba a shawara, haka ake yi. Mutane suka ɗaga Idi suka sa shi a gadon, suka tokare shi da filo. Nasiru ya kira Alhaji ya shaida masa za su taso. Wayar a buɗe take, kowa na ji.

Baba Ladan ya ce, "Sai muka ji ya ce, in ya cika a hanya fa? Gawa a mota, a riƙe mini tanka da lodin mai wata da watanni ana bincike? Ku sauke shi, zan aiko a ɗauke shi."

"Suka sauke shi?"

"Da hannuwan da suka ɗaga shi."

Na ce, "Shi Idi ya ji?"

"Ɗana, bakinsa ne ya mutu, ba kunnensa ba."

Na ture kwanon. Ban ƙara loma ba.

Ba a masallacin Idi yake ba, don an zo rusau an kwashe rumfunan gefen, Baba ya sa aka tura shi a amalanke zuwa ɗakinsa a Ajegunle. Muka kama hanya, yana gaba da sanda ina biye. Tsohon nan ba ya iya wuce abu bai faɗi tarihinsa ba. A wata mararraba ya tsaya ya ƙwanƙwasa ƙasa da sandarsa. Na duba na ga ƙarfen dogo ya nutse a cikin kwalta, bayansa kawai ke ƙyalli.

"Ka san wannan? In ka bi shi ba ka kauce ba, a bayan gidanku zai ajiye ka. Ta Kaduna Jankshan yake bi."

Ya ce ubansa ɗan dako ne a waf. A zamaninsu jirgin ƙasa ke sauko da gyaɗa da auduga da fatu daga Arewa, su kuma su ɗauki buhu a ka, su hau katako da gudu su jefa a cikin jirgin ruwa, suna waƙa. Hausawan farko da suka zauna a nan bin gyaɗa suka yi. Ya nuna mini wasu tsofaffin benaye da fenti ya ɓare, ya ce da kantunan Kwarori ne da ofisoshin Turawa, da wuraren da ma'aikatan jirgi suke shaye-shayensu. Can ciki unguwar Turawa ce mai furanni, lebura ba ya shiga sai da dalili. Leburori kuwa aka tura su tsallaken kwata, shi ya sa har yau ake kiran kasuwar bakin wajen Bandiri, wato iyaka.

Ya ce, "Da, kaya fita suke yi ta ƙofar nan. Yanzu shigowa suke yi. Wane aiki ka ce kana yi da?"

"Masaƙa."

"To atamfar da ta rufe muku masaƙa, ta nan ta shigo. Ka gaishe ta."

Na tuna Kakuri lokacin da jiniya ke kaɗawa, kekunan ma'aikata su cika titi har mota ba ta samun hanya. Yanzu ciyawa ce a bakin get. Ashe su ma nasu dogon ya mutu kamar namu. Ƙarfe ɗaya ne, ya yi tsatsa ta kai biyu.

Tsakanin Apapa da Ajegunle akwai wani ruwa baƙi ƙirin, ba kogi ba ne ba kwata ba ce, leda da robobi sun rufe rabinsa. Da kwale-kwale ake tsallakawa, a tsaye, mutum na dafe da kafaɗar na gabansa. Mata da kaya a ka suna hira abinsu kamar a tsakar gida. Ni da ko kogin Kaduna ban taɓa shiga ba sai ta kan gada, na tsuguna na riƙe katako da hannu biyu ina salati. Wata yarinya mai tallan biredi ta ce, "Aboki de fiya wota." Wato wai ina tsoron ruwa. Duk jirgin aka yi dariya. Ban ji haushi ba, gaskiya ta faɗa.

Ɗakin Baba a wani dogon gida yake, ɗakuna na kallon juna, lungu a tsakiya, kowa da risho a ƙofarsa. Na ɗaga labule. Wata dattijuwa maƙwabciyarsa, Iya Rashida, tana durƙushe tana ba wani tsoho koko da cokali, tana goge abin da ya zubo ta gefen baki. Na ɗan tsaya ina neman Idi a ɗakin kafin na gane shi ne tsohon. Mutumin da yake ɗaga tayar tanka shi kaɗai. Ya gan ni, idonsa na hagu ya kawo ruwa. Na durƙusa na kama hannunsa mai rai.

"Yaya, ni ne. Na zo mu tafi gida."

Ya yi ta kokawa da harshensa. "Mo... mo..." Na ɗauka ruwa yake so. Sai ya zare hannunsa daga nawa ya riƙa juya shi a iska kamar sitiyari. Tambayata yake ko motar ta isa lafiya.

Na ce, "Ta isa. Har an wanke ta."

Ya lumshe ido kamar an sauke masa kaya. Na fita lungu na tsaya ina kallon bango, don kada ya ga fuskata.

Wata ma'aikaciyar jinya da ke gidan ta riga ta duba shi, ta ce hawan jini ne, tana ba shi ƙwayoyi, amma ta ce a kai shi inda za a kula da shi sosai, kuma kada a daɗe. A nan wahalar ta fara. Na kwana a tabarma a gefensa, kullum da safe in tsallaka ruwa in shiga neman mota. A wajen nan komai saye ake yi, ruwan wanka, wajen wankan, har inda za ka tsuguna. A Makera ko baƙo ne ya ƙwanƙwasa ƙofa za a miƙo masa buta. Na je garejin manyan bas, suka ce ba sa ɗaukar wanda ba ya iya zama. Na bi direbobin tanka ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce Allah ya ba shi lafiya, kowa ya ce mota ba tasa ba ce. Maganar Alhaji ta riga ta zagaya layin, ta shiga kunnen kowa. Abin da ba a taɓa tunani ba da, yanzu kowa ya tuna yana da maigida.

A cikin wannan yawo ne na ga abin da kuke ta tambaya. Na bi Titin Kirik har ƙarshe, ta wata kafa tsakanin katanga biyu na hango jirgi. E, ya fi masallacin Juma'a. Kwantenoni a kansa kamar an jera ashana, wasu ƙarafa masu dogon wuya suna tsince su ɗaya-ɗaya. Teku kuwa ban gan ta ba, an ce tana can gaba. Duk bakin ruwan katanga ce da waya da masu gadi. Mutanen da aka haifa a unguwar ma ta kafa suke leƙensa kamar ni.

Baba Ladan ne ya ce in gwada rumfar 'yan Kaduna, wajen masu ɗaukar kwantena. Na same su suna cin biredi da wake. A nan na haɗu da Bulus, mutumin Zonkwa mai zama a Narayi, ƙato mai faɗin kafaɗa, da gicciye a rataye a madubin motarsa. Ya yi lodi zai kai tashar kwantenar nan ta Kakuri, wadda suke kira tashar jirgin ruwa ko da yake ko kwaɗo ba ya samun wajen wanka a ciki. Tsakanin Makera da Narayi ba nisa, amma tun rikice-rikicen baya ban cika shiga unguwarsu ba in rana ta faɗi, su ma haka. A Apapa kuwa shi ma Aboki ake kiransa. Na faɗa masa komai, har da abin da Alhaji ya ce, don kada ya ce na rufe shi.

Ya gama tauna abin da ke bakinsa. "Dogon nan mai jar tanka? Na san shi a hanya. Ba ya wuce motar da ta lalace."

"In ya cika a hanya fa?"

"Sai in ce barci yake yi har mu kai Kakau. Kawo shi da sassafe."

Iya Rashida ta ɗaure mana koko a galan, ta tsaya a bakin ruwa tana yi wa Idi magana da Yarbanci kamar yana ji, wataƙila kuma yana ji. Na yi sallama da ita da Baba Ladan. Na gode ɗin ta yi mini ƙanƙanta a baki. Muka shimfiɗe shi a gadon bayan kujera a kan zanin da na zo da shi.

Ta Ibadan da Ilori muka biyo, tafiyar tirela mai lodi, ba gaggawa. Ni ke juya shi, ni ke ba shi koko, ni ke wanke shi a bayan mota in an tsaya. Da muka tsallake gadar Jaba muka fara hawan tudu, Bulus ya yi jinkirin sauya giya, mota ta fara kuka. Sai muka ji bugu a bayan kujera. Idi ne yake dukan ta da hannun hagu yana gurnani.

Bulus ya ce, "Na ji, Oga, na ji. Yi haƙuri." Ya sauya. Ya dube ni yana dariya. "Wannan ba yanzu zai mutu ba."

Amma bayan Mokwa na ɗauka ƙarshen ya zo. Rana tsaka aka tare mu a wani shinge, wani mai kaki ya hau ya leƙa ciki ya ga mutum a miƙe an rufe shi da zani, baki a buɗe, ƙuda a leɓe.

"Wannan fa? Gawa kuka ɗauko?"

Na ce barci yake. Na taɓa shi, bai motsa ba. Na girgiza shi na kira sunansa, shiru. Mai kakin ya fara kiran abokan aikinsa. Na sa bakina a kunnensa na ce, "Yaya, don Allah." Sai idon hagu ya buɗe a hankali. Ya dubi kakin, ya ɗaga hannu ya kai goshi, irin gaisuwar da direba ke yi a shinge.

Bulus ya ce, "Ogana ne, ranka ya daɗe. Ni yaronsa ne, hutawa yake."

Aka ɗaga mana katako. Mun yi nisa kaɗan Bulus ya gangara gefe ya kashe mota. A nan ya faɗa mini mai motar bai san da mu ba, in da abin ya faru, aikinsa ya tafi ke nan, ga 'ya'ya a makaranta. Na ce me ya sa bai faɗa tun a Legas ba. Ya ce in ya faɗa zan ƙi hawa ne? Gaskiyarsa, ba zan ƙi ba.

Bida, Lambata, Tafa, Kakau, Gonin Gora. Bai sauke mu a bakin titi ba, sai da ya kutsa da tirelar nan har bakin layinmu a Makera, yara na bin ta da gudu. Shi ya kama kafaɗu na kama ƙafafu. Hajara ta fito da murna ta tari mai dawowa daga asibiti, ta ga abin da muka ɗauko, ta zauna a ƙasa a inda take.

Yanzu Idi yana gida. Muna kai shi asibiti ana gasa masa jiki, ya fara zama da kansa in an jingina shi. Magana dai ba ta dawo ba, likita kuma bai yi mana alkawari ba.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, Alhaji Tanko ya zo dubiya da babbar riga da mutane biyu a bayansa, ɗaya na ɗauke da buhun shinkafa. Muna zaure da maƙwabta. Ya ce, "Malam Sale, ashe ka je. Ai da ka bari, ina cikin shirin aikawa." Idi yana jin muryarsa ya fara kokawar tashi daga tabarma, yana so ya durƙusa ya gaishe da maigidansa kamar yadda ya saba. Ɓarin da ya mutu ya ja shi, ya kifa ta gefe, fuskarsa a ƙasa a gaban takalmin Alhaji. Ni na ɗaga shi na share masa baki. Alhaji ya yi addu'a gajeriya ya miƙe.

Na raka shi har mota, kamar yadda ake yi wa baƙo. Ya sa ƙafa ɗaya a ciki na riƙe ƙofar.

Na ce, "Alhaji, tsaya. Abin da ka faɗa a waya na ji shi, waɗanda suka sauke shi daga motarka suna nan da ransu, shi ma ya ji da kunnensa. Tsoronka kada gawa ta tare maka mota. To kai ma gawa ce ke tafe, kuma ba tanka ce za ta kai ka ba, kafaɗun mutane ne. In ka riga ni, zan zo in sa tawa kafaɗar, ba kuma zan sauke ka a hanya ba, don ba haka aka koya mana ba. Amma ni ban yafe ba. Shi kuwa da zai iya yafe maka, ka bar shi a kan kwali har bakin da zai faɗa ya tafi."